Ilimin Samaru Ya Kamata Ya Isa Kongo

A garin nan na Zariya akwai wuraren karatu biyu a ƙarƙashin jami'a ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban. A Samaru ake nazarin ƙasa da ruwa da iri da itatuwa. A Kongo kuwa ake horar da waɗanda za su zauna a ofis, su sa hannu a takardar da za ta ce a gina dam, ko a sare daji, ko a yanka filaye a bakin rafi. Maganata a yau ita ce, duk wanda zai fita daga Kongo da digiri na biyu a fannin tafiyar da mulki, lalle ne ya san abin da mutanen Samaru suka sani game da ƙasar nan, gwargwadon da zai hana shi sa hannu a kan abin da zai cuci jikokinmu. Wannan shi ne abin da masana ke kira ci gaba mai ɗorewa. A ganina ya isa ya zama ginshiƙin karatun, a yi jarrabawa a kansa, wanda ya faɗi kuwa a riƙe takardarsa sai ya gyara.

Makarantar Kongo ba ta yau ba ce. A 1947 aka buɗe ta domin koyar da akawuna, a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki. A nan aka horar da 'yan Arewa da suka karɓi aikin di'o daga hannun Turawa, da ma'aikatan En'e, da na kotuna. Sa'ad da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai aka haɗa ta da ita. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Zariya na cikin jami'o'i uku, ita da Ife da Nsukka, da aka ɗora wa nauyin horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Saboda haka da wuya ka shiga sakatariya a jihohin Arewa ba ka tarar da wanda ya bi ta Kongo ba. Samaru kuwa ta girme ta, gama tun 1922 ake binciken aikin gona a wurin, daga nan ne kuma irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga masu suna da ya fara da SAM suka fito. Tsakanin wuraren biyu motar haya ce kawai, ta bi ta Kwangila da PZ. Abin da nake roƙo shi ne ilimi ma ya hau motar nan.

Mene ne ɗorewa? A 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, wadda ta yi firayim minista a ƙasar Norway, ya fitar da rahoto da ya yaɗa kalmar a duniya. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne mutanen yau su biya bukatarsu ba tare da sun toshe wa na gobe hanyar biyan tasu ba. Manomin Giwa ko na Soba ba ya bukatar kwamiti ya gaya masa wannan. Kome tsananin yunwa a watan Agusta, mai hankali ba ya cinye irin shuka. Abin mamaki shi ne gwamnati, wadda ke da masu digiri cike da ofisoshi, ita ce takan cinye iri.

Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. A 1988 aka gano wani kamfani ya kawo ganguna na guba daga Italiya ya jibge a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta. A wannan shekara aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 86, wadda ta ce kada a fara wani babban aiki sai an bincika illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da jama'a. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 aka kafa NESREA. A 2015 Nijeriya ta amince da muradai 17 na ci gaba mai ɗorewa da duniya ta sa wa kanta zuwa 2030, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Duk waɗannan suna nan a rubuce. Amma doka ba ta da ƙafa. Tana tafiya ne a hannun ma'aikaci, wanda fayil zai zo gabansa da safe, ɗan kwangila na jira a bakin ƙofa, mai girma kwamishina kuma na tambaya ko an gama. In wannan ma'aikaci bai iya karanta rahoton binciken muhalli ba, zai ɗauke shi kamar rasit ne da ake maƙalawa a bayan fayil.

Bari mu duba abin da ya riga ya faru a Arewa. An gama dam ɗin Tiga a jihar Kano a 1974, na Challawa kuma a 1992. Babu mai musun cewa sun kawo noman rani a Kadawa da Kura, sun kuma ba birnin Kano ruwan sha. Amma can ƙasa, a fadamun Hadejia da Nguru, ambaliyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita kowace shekara ta ragu ƙwarai, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A shekarun 1990 masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, suka yi lissafi, suka nuna cewa ruwan da ake bari ya malala cikin fadama ya fi kawo amfani a kan wanda ake tarewa domin ban ruwa a sama. Injiniya ya yi aikinsa daidai, gama dam aka ce ya gina, ya kuwa gina. Wanda ya kamata ya tambaya, su wane ne ke zaune a ƙasan kogin nan, me kuma za su ci, shi ne ma'aikacin mulki.

A Bakolori ma haka. An gama dam ɗin a kan kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978. Ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, maganar diyya da rabon filaye kuma ta lalace. A watan Afrilu na 1980 manoma suka tare hanyoyi, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mutane da dama. Simintin dam bai kashe kowa ba. Rashin iya ƙirga mutane da gonakinsu, da rashin sauraron kukansu tun da wuri, su suka kai ga zub da jini, waɗannan kuwa aikin ofis ne.

Akwai kuma maganar gyara. A 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe a jihar Kano. A watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, alhali kuwa garin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya daga wurin a 1994. Me ya sa muke iya gini amma ba mu iya riƙo ba? Amsar na cikin yadda ake tsara kasafin kuɗi. Sabon aiki yana da kwangila, yana da allo mai suna, yana da ranar yanka ƙyalle da 'yan jarida. Gyara kuwa yana cikin kuɗin yau da kullum, wanda shi ake fara yankewa duk ranar da kaso daga Abuja ya ragu. Ga kuma bambancin shekaru. Gwamna shekara huɗu yake ƙirgawa, ma'aikaci ana iya yi masa canjin wurin aiki bayan shekara biyu ko uku, dam kuwa an gina shi ne domin shekara hamsin ko fiye. In ba a koya wa ma'aikaci ya yi lissafi da shekarun dam ba, to da shekarun gwamna zai yi. A 2022 sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wani umarni na musamman a kan kula da gine-ginen gwamnati. Ƙasar da sai an ba da umarni daga fadar shugaba kafin a gyara rufin da ke yoyo, akwai abin da ba a koyar ba a makarantunta.

Kada a ce labarin duk na baƙin ciki ne. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar akwai darasi mai daɗi, shi ma kuwa na aikin mulki ne. Tun zamanin Faransa doka ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, ma'aikatan daji kuma na cin tarar manomin da ya taɓa itace mai kariya kamar gawo, ko da a gonarsa yake. Sai manomi ya ga itace a gona jawo fitina ne, gara ya share shi tun yana toho. Aka kashe kuɗi masu yawa wajen dashe, akasarin itatuwan suka mutu. A 1983 wani ɗan mishan na SIM daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ke gonaki ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa a ƙasa. In manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya sassabe sauran, itace zai tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Dabarar ta bazu bayan yunwar 1984. Amma abin da ya ba ta ƙafa shi ne da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, har dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa wannan hakki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ga abin da ɗalibin mulki zai koya: doka guda da aka yi da nufin kare daji ita ta ƙarar da shi, gyara ta kuma ya dawo da shi. Mu da ke da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa tun 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, ya kamata kowane mai digirin mulki ya san labarin Maraɗi kamar yadda ya san sunan kakansa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, hujjojinsu kuma ba na banza ba ne. Wasu za su ce, mai jin yunwa ina ruwansa da muhalli, a bar mu mu ci gaba tukuna kamar yadda Turawa suka yi. To, su wa ke fara shan wahala in ƙasa ta lalace? Mai kuɗi yana haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, yana sayen gas. Matar talaka ce ke sayen jarka daga ɗan garuwa, ita ce ke tafiya nesa neman itacen girki. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ba 'ya'yan manya ba ne suka mutu.

Wasu kuma za su ce, damuwarmu cin hanci ne, ba rashin sani ba, digiri kuwa ba ya mai da ɓarawo mutumin kirki. Gaskiya ne, ban kuwa ce darasi zai wanke zuciya ba. Amma ba dukan ma'aikata ne ɓarayi ba. Akwai masu tsoron Allah da yawa a ofisoshinmu, Kirista da Musulmi, waɗanda suke sa hannu a kan ɓarna domin ba su san ɓarna ce ba, ko kuwa sun sani amma ba su da lissafin da za su kare kansu da shi a gaban na sama. Ma'aikacin da zai iya rubuta a fayil cewa aikin nan zai ci kaza kowace shekara wajen gyara, ga kuma mutum kaza da za su rasa abin yi, ya fi ƙarfin a ture shi da tsawa. Ko an ƙi jin shawararsa, ta zauna a rubuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, jahilcin ma'aikaci kuwa babbar tsaga ce.

Na uku su ne malamai da za su ce manhaja ta cika, ga kasafin kuɗi, ga kula da ma'aikata, ga dokar mulki, ga hanyoyin bincike, ina za a sa sabon abu? Amsata ita ce, in an ware shi a matsayin darasi guda na ganin dama, ba zai yi amfani ba, gama ɗalibi zai haddace muradai 17 ya juye a takarda ya manta. A cikin darussan da ake da su ne za a zuba shi, kamar gishiri a miya. Ga yadda nake ganin za a yi.

Da farko, a darasin kasafin kuɗi, kada a karɓi lissafin wani aiki daga hannun ɗalibi sai ya nuna abin da zai ci tun daga ranar gini har ranar da zai tsufa. Misalin yana ƙofar gida. An ba da kwangilar sabuwar matatar ruwan Zariya a zamanin Gwamna Namadi Sambo, aka buɗe ta a 2017, da ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana. Duk da haka kura da jarka ba su bar titunan Sabon Gari da Samaru ba. A ba ɗalibi wannan a jarrabawa: nawa wutar lantarki za ta ci, nawa alif da kulorin, wa zai canza tsofaffin bututu, nawa magidanci zai iya biya a wata, wa zai karɓi kuɗin, ina kuma za su shiga? Wanda ya amsa wannan ya cancanci a kira shi masanin mulki.

Na biyu, a haɗa malaman Samaru da na Kongo a aji ɗaya, a kuma fitar da ɗalibai waje, gama gani ya kori ji. Dam ɗin Kubanni da jami'ar ke shan ruwa daga gare shi an gina shi ne a shekarun 1970, malaman jami'ar da kansu kuma sun yi rubutu a kan yadda yashi da laka ke cike shi, saboda noma da gine-gine a bakin rafukan da ke zuba cikinsa. Masanin ƙasa zai faɗi yawan lakar. Amma wa ke ba da izinin gini a wurin, wa ke da ikon hana noma a gaɓa, me za a ba manomin da aka hana? Waɗannan tambayoyin Kongo ne. Haka kuma maganar burtsatse. Ƙarƙashin Zariya dutse ne, Kufena shaida ce, ruwan da ke cikin tsagoginsa kuwa yana da iyaka. In kowane gida ya haƙa tasa ba mai ƙirgawa, rijiyar maƙwabci talaka ce za ta fara ƙafewa.

Na uku, a koya musu sauraro. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma akasarin wuraren ba a taɓa tabbatar da su a gazet ba, burtali kuma gonaki da gidaje suka cinye da yawa. Rikicin manoma da makiyaya da ya ci rayuka a jihar nan da maƙwabtanta yana da saiwoyi da yawa, ban ce ƙasa ce kaɗai ba. Amma ɗaya daga cikinsu ita ce takardun da aka bari a durowa shekara da shekaru. Ɗalibin da zai zama sakataren ƙaramar hukuma ya kamata ya taɓa zama a tabarma da manomi da makiyayi da masunci da mata masu sana'a, ya ji yadda kowa ke ganin rafi guda, ya kuma rubuta abin da ya ji ba tare da son kai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na huɗu, kundin digiri ya daina kwana a kan kanta yana cin ƙura. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara, da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da magudanan ruwa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ko kuɗin sun iso gaba ɗaya, in babu mai tsara yadda za a kashe su, leda za ta ci gaba da toshe lambatu a kasuwar Sabon Gari duk damina. Me zai hana kowane ɗalibi ya ɗauki matsala guda ta ƙaramar hukuma guda, ya bi ta har ƙarshe, ya kai wa majalisar sakamakon, tare da taƙaitawa da Hausa wadda mai unguwa zai iya karantawa?

Wannan tunani ba mu kaɗai ke yinsa ba. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 11 na kyakkyawan mulki, ɗaya daga ciki kuwa ita ce adalci tsakanin na yau da zuriya mai zuwa. Yankin Wales na Birtaniya ya yi doka a 2015 da ta tilasta wa hukumomi su auna illar shawararsu a kan waɗanda ba a haifa ba tukuna, har da naɗa kwamishina mai sa ido. Ba sai mun kwaikwayi kowa ido rufe ba. Kongo ta taɓa horar da waɗanda suka karɓi mulki daga Turawa cikin 'yan shekaru kaɗan, domin shugabannin wancan lokaci sun ga bukatar. Bukatar yau ita ce masu iya riƙon abin da aka gina.

Ina ruwanmu da abin da ake koyarwa a jami'a, wani zai tambaya. Da ruwanmu, 'yan'uwa. A cikin masu karanta wannan shafi akwai malaman jami'a, akwai daraktoci, akwai ma'aikatan da ke zuwa Kongo karatun ƙarshen mako domin neman ƙarin girma, akwai iyayen da ke biyan kuɗin makaranta da gumin goshinsu. Malami ya kai maganar gaban sashensa. Ɗalibi ya zaɓi batun kundi da zai amfani unguwarsu. Mu kuma da ke zama a kwamitocin ikkilisiya, mu duba namu gidan, gama mu ma muna da makarantu da ɗakunan shan magani da rijiyoyi da filaye. Sau nawa aka tara baiko aka haƙa burtsatse, aka yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu famfo ya lalace babu ko sisi da aka ajiye domin gyara? Tambayar da muke so babban sakatare ya yi, ita ce ma'ajin ikkilisiya ma zai yi: wa zai riƙe abin nan bayan mun tafi, da wane kuɗi, wa kuma zai cutu?

Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ke zaune a aji a Kongo bana, shi ne zai riƙe fayil ɗin ruwan Zariya nan da shekara goma sha biyar, ruwan da 'ya'yanmu za su sha ko su rasa. Allah ya ba malamanmu hikima, ya ba ma'aikatanmu gaskiya da ƙarfin hali. Amin.